Dodo Mai Makulli

Malamin ya mayar da fim na bakwai baya ya sake kallo, abin da bai taɓa yi wa aikin wani ɗalibi ba. Almakashi ɗalibai ke kiransa a bayan idonsa, don ba ya kallon fim sai da niyyar yanka. Ya san da sunan, yana ma jin daɗinsa.

Aikin bana shi ne kowa ya haɗa farkon fim na minti biyu, ya bi ƙa'idojin irin fim ɗin da ya zaɓa, sannan ya karya ɗaya da gangan. Wanda ya zo na ɗaya, wani kamfanin shirya fina-finai zai ɗauke shi horon aiki, gurbin kuma ɗaya ne tak. Da yake babbar 'yarsa na cikin ajin, shugabar sashe ta sa aka cire sunaye aka bar lambobi.

Ya tambayi yarinyar wanne ne nata, ta sunkuyar da kai ta ce an hana su faɗa. Bai matsa ba. Ai uba ba ya bukatar a nuna masa hannun 'yarsa. Na uku ne, labarin soyayya mai tsabta, haske daidai, komai yadda ya koyar. Yarinyar da ko tari ba ta yi da ƙarfi, me za ta yi in ba wannan ba?

Na bakwai kuwa fim ɗin ban tsoro ne, shi ne kuma ya tsaya masa a wuya.

Kowa ya san dokar irin wannan fim: duhu, kiɗa mai tsinka zuciya, mace ita kaɗai, baƙon abu a waje. Wannan ɗalibin ya watsar da duhun. Falo ne fes da hasken yamma, kyamara a ƙasa, ƙafafu da hannuwa kawai ake gani. Yara biyu na tsalle a kan kujera, wata mata a kicin tana bin waƙar rediyo, tana kwafsa baiti suna ƙyalƙyala mata dariya.

Sai aka ji an rufe ƙofar mota a waje.

Rediyo ta mutu. Wani hannu ya gyara matashin kujera, wata ƙafa ta tura takalmi ƙarƙashin tebur, ƙaramin yaron ya buɗe littafi a juye. Taku yana hawa matakala a hankali, ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ya daɗe a tsaye yana saurare. Sannan makulli ya shiga ƙofar, allo ya yi baƙi.

"Dodo mai makullin gida," malamin ya faɗa shi kaɗai a ofis.

A fim ɗin tsoro dodo ɓalle ƙofa yake yi, wannan kuwa da nasa makullin ya zo. Tsikar jikinsa ta tashi, ya kuma ji ya tsani yaron da ya yi shi, ko ɗan wane ne. Shi da ya yi furfura a harkar bai taɓa haɗa minti biyu irin waɗannan ba. In za a bi gaskiya, na uku ko ƙurar wannan ba zai hango ba.

To amma gaskiya ba ita za ta sama wa 'yarsa gurbi ba. Ya rubuta cewa babu kiɗa, babu fuska, ba a nuna abin tsoron ba, ɗalibin bai fahimci aikin ba. Ya yi ta datse makin har ya faɗo ƙasa da na uku. Ya san zalunci ne, kuma bai hana shi sa hannu ba. So duka so ne, amma son kai ya fi.

Da ya koma gida ya tarar da shi yadda yake so, tsit, kowa da karatunsa, abinci a rufe a kan tebur. Abokansa kan yi kukan hayaniyar 'ya'ya, shi kuwa ya ce musu tarbiyya ce, ba sa'a ba. Ya dubi yarinyar, har zai ce mata ta kwantar da hankalinta, sai ya fasa. Sakin fuska ke lalata yaro.

Ranar sakamako ya zauna a layin gaba cikin malamai, ɗalibai na bayansa. Shugabar sashe ta ce na uku ne ya yi nasara. Sai wani saurayi mai shegen surutu ya ƙwala ihun murna daga can baya, abokansa suka ɗaga shi sama. Malamin ya sayar da mutuncinsa ya saya wa ɗan wani aiki.

Shugabar ta jira surutu ya lafa.

"Maki ya riga ya fita, ba a taɓa shi," ta ce. "Amma ni dai na bakwai ya hana ni sakat. Mai shi ya tashi mu gan shi."

Kujera ta motsa a bayansa. Bai juya ba, ba ya son ganin fuskar wanda ya zalunta.

"Wannan takun fa, da tsayuwar nan a bakin ƙofa," shugabar ta ce, "wane ɗan wasa ne ya yi miki? Mutumin ya iya firgita mutane."

"Ba ɗan wasa ba ne, Malama," wata siririyar murya da ya sani sarai ta amsa. "Na'urar ɗaukar sauti na ɓoye a bayan ƙofarmu, na jira Baba ya dawo daga aiki."