Shaiɗanin Ƙofar Coci

"Shekara ɗari takwas!" in ji magajin gari Fernand, yana nuna wa masaniyar da ta zo daga Faris kan Shaiɗan da aka sassaƙa a saman ƙofar cocin ƙauyensu. Rabonsa da shiga cocin tun ranar aurensa, amma ya sa an buga fuskar nan a tutar gari da kwalaben giya.

"Dubi hanci kamar dankali, Madam! Dubi haɗama a ido! Wanda ya sassaƙa wannan, da idonsa ya ga Shaiɗan."

Masaniyar ta hau tsani, ta ƙwanƙwasa, ta yamutsa fuska. "Ranka ya daɗe, wannan ai siminti ne."

Tsohuwa Odile mai sharar coci ta jingine tsintsiya.

"Mijina ne ya yi shi, shekarar da tsawa ta fasa na asali. Kuma gaskiyarka, Fernand, da idonsa ya gan shi. Sau uku babanka yana zuwa ya zauna masa, wai da fuskarsa za a yi Manzo Bitrus."

Fernand ya kai hannu a hankali, ya rufe hancinsa.