Akwatin Ma'aikata

Tun da zafi ya kori masu hali zuwa saman dutse, inda injuna ke zuba musu ƙanƙara suna wasan sulu a kai, Inna Barmani take hawa kowace safiya, a kujerar lilo mai tafiya a jikin waya, ta yi musu wanki. Ɗanta Shekarau kuwa gadin injunan yake yi, lokacin hawanta shi ne lokacin saukarsa. A tsakiyar waya kujerunsu na lilo suke gifta juna, ya gaishe ta da ƙarfi, ita kuma ta dubi fuskarsa ta ga ko ya rame. Iyakar ganin da suke yi wa juna ke nan, kuma yana isarta.

Yau ta tarar an sauya kujerun. Na masu shaƙatawa gilashi ne garau. Na ma'aikata kuwa akwatin ƙarfe ne rufaffe.

"Ɗan nan, ina tagar?" ta tambayi mai tsaron ƙofa.

"Babu taga, Inna. Manya sun ce ganin ma'aikata yana ɓata musu kallo. Amma ai ya fi sauri, kuma ba za ki sha iska ba."

"Ni na kawo maka ƙarar iska?"

Ya sunkuyar da kai, ya rufe ta a ciki.

Barmani ta manna kunne a jikin ƙarfen. Duk akwatin da ta ji yana wucewa sai ta ƙwalla kira, "Shekarau! Shekarau, kai ne?"

Wata murya mai laushi ta fito daga lasifikar da ke rufin akwatin.

"Malama Barmani, don Allah a rage murya. Manyan baƙi suna hutawa."