Matar da ta Sace Perla

Farar motar ta sake tsayawa a gindin bishiyar da ke kallon gidan. Dalila ta saki labule. Tun farkon mako motar ke shigowa unguwar Irving Park ta Amurka da hantsi, da wani dattijo a ciki. Ba ya fitowa, tagar Madam Perla kawai yake kallo.

Dalila 'yar Damagaram ce, aikinta kula da tsohuwar, daga wanka har magani. Madam Perla Bayahudiya ce, ta haura tamanin, ba ɗa ba jika, kuma labari ɗaya take maimaitawa. Ta buɗe ido a gidan wasu manoma a Poland, su ta sani iyaye. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, wata doguwar mace mai tari, ƙashi da fata, ta zo ta fizge ta daga hannunsu. Ta ja ta a ƙafa da jirgin ƙasa har sansanin 'yan gudun hijira a Jamus, ta ce wa ma'aikatan agaji marainiya ce ta tsinta a hanya. Ranar da za a kwashi marayu zuwa Amurka, Perla ta ƙi shiga mota. Matar ta wanke ta da mari, ta cusa ta ciki, ta juya ko waiwaye babu.

Har gobe in an yi tari a bayan Madam Perla sai ta zabura.

Ranar Alhamis tsohuwar ta leƙa taga da kanta. Ta damƙi hannun Dalila, ta ce matar nan mai tari ce ta biyo ta. Dalila ta ce ai namiji ne. Madam Perla ta ce ita dai ta san fuskar nan.

Dalila ta kira mijinta Tassiou, direban tasi. Ya ce ta kulle ko'ina ta kira 'yan sanda, yana can wajen Gate City da fasinja. Kafin ta ajiye waya, ƙofar motar ta buɗe. Dattijon ya tsallako titi a hankali, ya hau matakala, ya ƙwanƙwasa.

Dalila ta buɗe ƙofar iya tsawon sarƙar da ke riƙe da ita. Cikin Turanci mai nauyi ya ce sunansa Marek, daga Poland, shekara da shekaru yana neman Perla, da ya same ta kuma sai ya kasa fitowa daga mota. Ya ce matar da ta sa Perla a motar marayu ce ta aiko shi kafin ta rasu. Tarin fuka ne da ita, kuma a wancan zamanin mai tarin fuka ba a ba shi izinin shiga Amurka, motar kuwa marayu kaɗai take ɗauka.

Dalila ta tambaye shi ina ya san matar. Ya dubi tsohuwar da ta rakuɓe a bayanta.

"Ita ta haife mu, ni da ke."