Mai Hoto da Firintar da Ta Yi Gum

Kin ce araha ba ta ado, Tabawa, wai ba za ki yarda a sa miki manhajar kyauta a kwamfutarki ba, don abin da ba shi da mai shi ba shi da mai gyara. To ajiye wayar nan ki gyara zama, in ba ki misali da wani mai hoto.

A wani gari da kasuwarsa ke ci ranar Laraba an yi wani mai ɗaukar hoto, shagonsa ɗan tsukuku a bakin tasha. Mutum ne mai ɓoyon sana'a, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Shekara uku ya yi yana share wa maigidansa shago kafin a nuna masa yadda ake haɗa ruwan wanke hoto. Ya tashi da cewa ilimi ba a tambayarsa, sai dai a sata da ido. Ko mai hoton da ke tsallaken titi in ya leƙo gaisuwa, sai ya yi maza ya juya kwamfutarsa ta kalli bango. Ita kuwa kwamfutar ta tsufa tukuf, in ka kunna ta sai ka sha koko ka wanke kwano ba ta gama buɗewa ba. Wani malamin makaranta da ya zo hoton fasfo ya ga wahalar, ya miƙa masa filash. Ya ce a ciki akwai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Linuks sunanta, dubban mutane ne suka taru suka gina ta, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara ya ba wani. Ya rubuta masa adireshin zauren da masu ita ke haɗuwa a intanet, ya ce ya jira Asabar su sa tare. Ina! Wa zai bari a ga cikin kwamfutarsa? Ranar Talata da la'asar ya rufe ƙofa ya sa abarsa shi kaɗai. Tsohuwa ta tashi wuf, hotuna na buɗewa kafin ya ɗage yatsa. Daɗi ya kama shi, har ya manta bai gwada firinta ba.

Laraba da hantsi sai ga mata goma sha bakwai daga wani ƙauye, 'yan ƙungiyar masu ƙuli-ƙuli. Ranar ce ta ƙarshe ta rajistar injin markaɗe da za a raba wa ƙungiyoyi, ƙarfe biyu za a rufe, kuma ba a karɓar suna sai da hoto. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya danna a buga. Firinta ta yi gum. Ya zare waya ya hura ya mayar, ya kashe ya kunna, har marin gefenta ya yi. Ya kira malamin, yana aji, waya a kashe. Gumi ya jiƙa masa riga. Shugabar matan, wata dattijuwa mai carbi, ta ce, "Ɗan nan, in abin ba zai yiwu ba ka faɗa mana tun da wuri, mu tsallaka titi. Shekara shida muna daka da hannu." Wallahi maganar nan ta soke shi, kunya da tausayi suka haɗu masa. Ya laluba aljihu ya ciro takardar malamin, ya shiga zauren, ya rubuta matsalarsa da Turancinsa mai ɗingishi, yana da yaƙinin ba mai kula shi. Ba a yi minti goma ba wani daga ƙasar da ko sunanta bai iya faɗa ba ya tambaye shi lambar firintar. Wata mata daga wata ƙasar ta turo masa umarnin da zai rubuta wa kwamfutar. Ya rubuta, shiru. Sai na uku ya shigo ya ce a'a, wannan na sabon samfuri ne, ga na tsoho. Ya kwafa. Firinta ta yi tari sau biyu, ta ja takarda. Fuskokin sun ɗan fi ja, amma kowace ta gane kanta, suna ta dariya suna nuna wa juna. Ɗaya da rabi suka fita, kuma sun sami injinsu.

Da ya huce ya koma zauren ya tambaya me zai ba su, don a saninsa ba a koya wa mutum abu a banza. Matar nan da ta turo masa umarni ta amsa masa da layi ɗaya: in wani ya tambaya, kai ma ka amsa masa. Ya daɗe yana kallon layin. Bayan wata biyu kwamfutar mai hoton tsallaken titi ta soma irin ciwon tasa. Mutumin da ke juya allo bango ya sa filash a aljihu ya tsallaka da ƙafarsa, ya zauna ya sa masa manhajar, ya ce kuma a gwada firinta kafin ya tashi. Har yau tare suke cin abincin rana.

Kina mini wani kallo, wai yaya na san har da carbin dattijuwar. Wannan ki bar shi, ki dai kawo kwamfutar ranar Asabar, ki haɗo da firintarki. Abin da kike gani ba shi da mai shi, masu shi ne suka yi yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.