Ƙarin Mai Kwafi

"Ina riƙe da hannun mamarku ta cika, ko?" Baba ya tambaye ni a falona a garin Greenbelt.

Ba ya ma ƙasar a ranar da ta cika. Yana Girka, cikin tsoffin Linjilolin da aka kwafa da hannu, yana farautar inda suka saɓa. Shekara arba'in yana tona asirin masu kwafin da tausayi ya sa suka ƙara kalma, bai yafe wa ko ɗaya ba. Yanzu mantuwa ta cinye masa shafuka.

"Faɗa mini gaskiya. Ke kaɗai ce shaidar da ta rage."

Na gyara masa bargo.

"Hannun dama, Baba. Sai da nas ta ɓamɓare yatsunka."