Ɗan Gari a Bayan Baƙuwa

A lungu na uku na gane na ɓata. Ni hedimasta ya zaɓa in zagaya da sababbin malamai 'yan Kudu cikin tsohon garin Kazaure, wai ni ne ɗan gari. Tun hantsi nake zuba musu Turanci, alhali ban san lungunan garin ba, don a makarantar kwana a Kano na girma.

Don kada a gane, na nuna wata katanga na ce ragowar ganuwa ce.

Wata malama daga cikinsu ta ce da Hausa tsantsa, "Malam, katangar gidanmu ce. Babana ya gina ta kafin rikici ya kore mu."

Ta daɗe dafe da katangar. Sannan ta wuce gaba, na bi bayanta.