Kujerar Suva

Glenys Harcourt tana cikin gyaran wani jawabi aka leƙo aka ce ana nemanta a sama. Kafin ta miƙe sai da ta shafa ƙirjinta ta saman riga. Zoben aurenta yana nan, rataye da siririn zare inda ido ba ya kaiwa.

A Canberra, babban birnin ƙasar, a wancan zamani, ranar auren ma'aikaciyar gwamnati ita ce ranar sallamarta. Haka doka ta ce, kuma ma'aikatar harkokin waje, inda take aiki, ba ta ɗaga ƙafa. Glenys ta ga yadda aka yi da ƙawayenta: a haɗa ɗan shayi, a ba amarya kyautar kofuna, a tafa mata, ranar Litinin a tarar da wani saurayi zaune a teburinta. Ita kuwa ba ta yi wahalar shekaru don ta ƙare da kofuna ba.

Shi ya sa aka ɗaura nata auren a wani ƙauye mai nisa, da shaidun da ba su san ta ba. A ranakun aiki tana kwana a masaukin 'yan mata na gwamnati. Ranar Juma'a ta hau jirgin ƙasa zuwa garin Goulburn, wai duba gwaggonta. Babu wata gwaggo. Ɗakin haya ne a bayan shagon wani mai burodi, kuma a nan kaɗai take matar wani. Ko a titi suka haɗu da mijin a Canberra, gaisuwar baƙi suke yi. Ya sha gaya mata, "Ko wane ne ya tambaye ki, ki ce a'a. Kada ki tsaya karanta fuskarsa."

A ofishin sama ta tarar da mutum biyu. Mista Cardew, dattijon da ke kula da harkar ma'aikata, yana jingine a kujera, lofarsa a hannu. A gefensa Mista Thwaite ne, shugaban sashenta, wanda 'yan mata masu buga tafireta ke kira Dutse saboda ba su taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya zuba mata shayi, ya tura kofin gabanta babu sukari, ya koma kallon teburi.

"Zauna, 'yata," in ji Cardew. "Kujerar ofishin jakadancinmu na Suva, can tsibiri a ƙetaren teku, ta buɗe. Na ce a tura namiji, Thwaite ya kafe shi dai ba shi da wanda ya kai ki. Shekara uku ne."

Abin da take roƙo ke nan tun ranar da ta shigo ginin. Yanzu ga shi ya zo. Amma wadda ake kira Mis, wato marar aure, ba ta da mijin da za a saya wa tikitin jirgin ruwa. Idan ta karɓa, ta bar shi a baya. Idan ta ƙi, za a nemi dalili.

"Sai dai akwai 'yar ƙura," Cardew ya ci gaba. "Uwargidana ta ce ta gan ki a Goulburn kina sayen safar maza, da zobe a yatsa. Ni dai na ce mata tabaronta ne ya tsufa. Amma ba za mu kashe kuɗin gwamnati kan wadda za ta ajiye mana aiki a tsakiyar teku ba." Ya nuna Thwaite da bakin lofa. "Kai ne shugabanta. Kuma tuzuru kake, ba ka da kunyar irin wannan magana. Tambaye ta."

Thwaite ya gyara zaman alƙalaminsa, ya sake gyarawa.

"Mis Harcourt, kina da aure?"

Ta dubi ƙofa, a rufe take. Ta dubi taga, ba komai sai itatuwan turare da rana ta ƙona. Kalma ɗaya za ta mayar da ita gida da kyautar kofuna, ta kuma jawo wa mijinta tuhumar ɓoye gaskiya, don shi ma albashin gwamnati yake ci. Ɗaya kalmar kuma za ta sa teku a tsakaninsu. Zaren ya manne a wuyanta da gumi.

"Ba ni da aure, yallaɓai."

"Safar fa?" in ji Cardew.

"Ta mijin gwaggona ce."

"Ba wani a gefe? Ba wanda za ki bari yana share hawaye a bakin jirgi?"

"Babu kowa, yallaɓai. Ba wanda zan yi kewa."

Cardew ya yi dariya har lofar ta girgiza. "Ka ji ko, Thwaite? Irinka ce, ba zuciya. Da mata duka haka suke da mun cika ofisoshin jakadanci da su. Ki fara haɗa kaya, ƙarshen wata za ki tashi. Thwaite zai raka ki tasha a madadin ma'aikata."

Thwaite ya miƙe, ya buɗe mata ƙofa. Ya miƙo hannu a gaban dattijon, ta karɓa. Tafinsa ya yi sanyi ƙalau.

"Ina taya ki murna, Mis Harcourt. Kin cancanta."

"Na gode, Mista Thwaite," ta ce, kamar yadda take kiran mijinta a cikin wannan gini tun ranar da aka ɗaura musu aure.